Yadda Ake Nazarin Ƙasusuwan Dabbobi Daga Kufai, Tun Daga Bakin Rami Har Zuwa Ajiya

Tun da na taɓo maganar ƙasusuwan kufai, tambaya ɗaya ce take ta dawo mini: to in an tono ƙashin, sai a yi yaya da shi? Masu tambayar galibi ɗaliban tarihi ne, amma har da wani malamin firamare daga wajen Mirya, wanda ya ce zaizayar ruwa ta yanke wani tudu a bayan garinsu, toka da ƙashi da tsingaro suka fito fili. Ga amsar nan daki-daki, yadda aikin yake tafiya. Zamanin da nake nufi shi ne na shekaru 500 zuwa 1000 da suka wuce, kafin unguwannin Birni da Zango na garin Damagaram su zama abin da muka sani. Irinsa ake nema a Kufan Kanawa nan ƙasar Damagaram, inda Anne Haour ta yi tono, da Garumele can wajen Ngigmi, wadda Veerle Linseele ta yi nazarin ƙasusuwan dabbobinta.

1. Izini tukuna

Kufai ba gonar kowa ba ce. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ita ke kare kayan tarihin Nijar, kuma ba a tono sai da takardar hukuma. Hanyar ita ce ka shiga ƙarƙashin aikin da yake da izini, ta wajen malamanka a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko ta IRSH, cibiyar binciken tarihi da rayuwar ɗan Adam da ke Yamai. In takarda ta samu, saura gaisuwa: mai gari, mai gonar da kufan yake ciki, da dattawan da suka san labarin wurin. Su ne za su nuna maka inda toka ta fi yawa, su kuma gaya maka inda ba a taɓawa.

Ga malaminmu na Mirya: kada ka tona. Ɗauki hoto, ka aza wani abu kusa don a gane girma, ka rubuta wurin, ka sanar.

Hattara: in ƙashin mutum ya bayyana, aiki ya tsaya a wannan ramin. A rufe, a kira shugaban aiki, a sanar da mai gari.

2. Kayan aiki da abin da ke cin kuɗi

Yawancin kayan suna nan Kasuwar Dole ta Damagaram. Cokalin magina ƙarami, bokitai, buroshin fenti mai laushi, tsoffin buroshin haƙori, tsinken tsire (ya fi ƙarfe, don ba ya yi wa ƙashi tabo), leda mai zif manya da ƙanana, fensir, alƙalamin da ruwa ba ya wanke tawadarsa, tire ko faifai na shanya, kwalaye masu ƙwari, da littafin rubutu mai bango. Rariya biyu za ka ba kafinta ya yi maka: mai ido milimita 4 ko 5, da mai ido milimita 2. Ka je da kanka ka auna idon wayar kafin ya buga ƙusa, kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne".

Uku ne ke da ɗan tsada: sikelin da ke auna giram, gilashi mai ƙara girma sau 10, da ma'aunin kauri irin na makanikai.

Amma ba kaya ne ke cinye kuɗin aiki ba. Mota zuwa kufai, ladan masu tono da tankaɗe, abinci, da ruwa, su ne. Ɗan Damagaram ba ya bukatar a gaya masa darajar jarka ɗaya ta ruwa, to ka sa kuɗin ƴan ga-ruwa cikin lissafi tun farko. Sai gwajin shekaru na kabon 14, wanda sai an aika waje: samfuri ɗaya yana cin ɗaruruwan yuro, yuro guda kuwa sefa 656 ne. Ka yi lissafin da kanka.

Lokacin aiki daga bayan girbi ne zuwa ƙarshen sanyi, Nuwamba zuwa Fabrairu. Da damina gona ta rufe kufai, da bazara kuwa ƙashi yana tsagewa a hannunka.

3. Fara da kwata, ba da kufai ba

Nan mutane suka fi tsallakewa, nan kuma aikin yake. Ba a gane tsohon ƙashi daga hoton littafi. Ana gane shi ne in an aza shi kusa da ƙashin dabbar da aka san ko wace ce. Saboda haka wata shida kafin tono, fara tara naka ƙasusuwan gwadawa.

Babbar Salla ita ce kakarka. Roƙi ƴan'uwa su ajiye maka kai da ƙafafu da allon kafaɗa, ka rubuta: rago ne ko bunsuru, shekararsa nawa, daga ina aka sayo. Sauran ka nema a kwata da wajen masu kai da ƙafa: sa, raƙumi, akuya, tunkiya. Kaza da zabo ka saya ka ci, ka adana ƙashin duka. Haka tarwaɗa da karfasa, da giwan ruwa in ka samu. Jaki da doki da kare sai dai wanda ya daɗe da mutuwa a bayan gari, ƙashinsa ya bushe fes.

Gyaransu hanya biyu ce. Ko ka dafa a wuta marar ƙarfi har nama ya saki, ka goge, ka jiƙa cikin ruwan omo kwanaki kana canjawa har maiƙon ya fita. Ko ka naɗe cikin tsohon gidan sauro, kowace ƙafa ƙunshinta daban don ƙananan ƙasusuwa kada su gauraya, ka binne cikin rairayi mai danshi wata uku zuwa shida, ka aza dutse saboda karnuka.

Ka kuma yi abota da tsohon mahauci. Na taɓa kai wa wani dattijo guntun ƙwauri da na riga na rubuta "tunkiya" a kansa. Ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Ɗana, wannan ai na akuya ne, ba ka ga gajere ne mai faɗi ba?" Da na koma na gwada da nawa, haka ne. Abin da littattafan Turai suka cika shafi da shi, shi a yatsunsa yake. Zauna ka kalli yadda yake fawa: inda wuƙa ke bi ta raba gaɓa, inda yake sa barandami. Tabon da za ka gani a ƙashin shekara 700 yawanci a wuraren nan yake.

Hattara: kada ka ɗauki gawar dabbar da ta faɗi farat ɗaya ba a san dalili ba. Ƙwayar cutar saifa tana daɗewa shekaru a ƙasa, kuma tana kama mutum. Kada kuma ka zuba ruwan jabel don ƙashi ya yi fari. Yana cinye shi, bayan shekara biyu sai ka tarar da gari.

4. A bakin rami

Abin da kake nema juji ne: toka, gawayi, tsingaro da ƙashi a cakuɗe. Ana sauka ne shimfiɗa bayan shimfiɗa. In launin ƙasa ko taurinta ya canja, sabuwar shimfiɗa ce, sabuwar leda. In ƙasar bai ɗaya ce, a riƙa yanka santimita 10 a kowane zubi.

Duk ƙasar da ta fito ta bi ta rariya mai ido 4 ko 5. Daga kowace shimfiɗa kuma a ware bokiti ɗaya ko biyu, a rubuta lita nawa ne, a tankaɗe da mai ido 2. Dalilin wannan wahalar shi ne: hannu da ido manyan ƙasusuwa suke tsinta. Wanda bai tankaɗe ba zai koma gida ya rubuta cewa mutanen garin shanu kawai suke ci, alhali ƙayar kifi da ƙashin fakara da na zomo suna can cikin tulin ƙasar da ya zubar. Abincin yau da gobe na talaka a ƙaramar rariya yake fitowa.

Ƙashin da ya fito a haɗe, kamar ƙafa da gaɓoɓinta a jere, a ɗauki hotonsa a inda yake kafin a ɗaga, a sa shi leda ɗaya shi kaɗai. Muƙamuƙi mai haƙora a naɗe shi, don haƙoran na zubewa. Kada a fizgi ƙashi daga bangon rami, a bi shi da tsinke har ya saki. In ka tone shi, yi masa inuwa. Ƙashin da ya kwana ƙarni biyar cikin danshi, rana ɗaya ta ishe shi ya dare.

Hattara: ramin gafiya da na ɓera da gidan gara suna saukar da abin sama ƙasa. In ka ga ƙasa mai laushi ta ratsa shimfiɗa kamar bututu, kwashe ta daban. Cikakken ƙashin ɓera mai tsabta a tsakiyar juji, mai yiwuwa bara ya mutu.

5. Lamba

Kowace leda takarda biyu: ɗaya a ciki cikin ƴar ledarta, ɗaya rubuce a jiki. Sunan kufai, lambar rami, lambar shimfiɗa, zurfi, kwanan wata, idon rariya, da wanda ya tona. A rubuta kafin a zuba ƙashi, ba da yamma ba in an gaji.

Na taɓa karɓar kwali uku da aka rubuta lambobinsu a waje kaɗai, aka bar su bayan mota cikin rana. Tawada ta kwashe. Ƙasusuwa masu kyau, har da haƙoran doki, amma ba wanda zai iya cewa na sama ne ko na ƙasa, na ƙarni na 14 ne ko na zamanin Sarkin Damagaram Tanimu a ƙarni na 19. Ban rubuta ko layi ɗaya a kansu ba.

6. Wanki da shanya

Fara da busasshen buroshi. Ƙasarmu rairayi ce, sau da yawa wannan ya isa, ruwanka ya huta. Mai ƙwari da laka ta kama, a wanke shi da ruwa kaɗan da buroshin haƙori, ba sabulu, ba jiƙawa. Ƙonanne da mai ruɓuɓi da ƙayar kifi ba a sa musu ruwa. A shanya a inuwa kwana biyu ko uku, leda ɗaya tire ɗaya, takardarta a ƙarƙashin dutse saboda iskar hunturu.

Hattara: ƙashi mai danshi in ya shiga leda zai yi fumfuna. Wanda kuma za a aika gwaji, kada gam ko wani magani ya taɓa shi. A ƙasa mai zafi irin tamu sinadarin da ake auna shekaru da shi yakan lalace cikin ƙashi, saboda haka ka adana gawayi ko ƙonannen hatsi na shimfiɗar, su ne madogara.

7. Ganewa

Leda ɗaya a kan tebur, ba biyu ba. Raba kashi huɗu tukuna: dabbobi masu shayarwa, tsuntsaye, kifi, da su kunkuru da damo. Ƙashin tsuntsu marar nauyi ne, bangonsa siriri, cikinsa rami. Kan tarwaɗa faranti ne mai ƙurji-ƙurji a baya, in ka gan shi sau ɗaya ba ka sake ɓata shi. Ɓawon ƙwan jimina ka ware shi gefe, wani lokaci an huda shi an yi tsakiya.

Tambayar farko ba "wace dabba ce" ba, "wane ƙashi ne". Haƙarƙari ne, ƙugu ne, damtse ne, cinya ce? Na dama ko na hagu? Kan sama ko kan ƙasa? Sai ka san wannan za ka ɗauko irinsa daga naka ka gwada. Haƙora da kawunan gaɓoɓi da ƙananan ƙasusuwan idon sawu su ne masu faɗin gaskiya. Tsakiyar dogon ƙashi da aka farfasa ba ta da suna, sai dai girma: babba kamar sa, matsakaici kamar akuya, ƙarami kamar zomo. Kada ka damu in fiye da rabin ledar nan ya ƙare. Haka aikin yake.

Wurare uku ake zamewa. Tunkiya da akuya sun yi kama ƙwarai. Ƙwauri da ƙaho da wasu gaɓoɓi suna rabawa, sauran ka rubuta "tunkiya ko akuya", ba abin kunya ba ne. Barewa tana shiga cikinsu, sai dai ƙashinta ya fi siranta da tsawo. Na uku kaza da zabo da fakara. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, don zabo ɗan ƙasa ne, kaza kuwa asalinta Asiya, ranar da ta iso wani gari labari ne. Kada ka ce kaza sai ka gwada da duka ukun, in da hali wani ma ya duba.

Hattara: son gano abin mamaki yana sa ido ya yi ƙarya. Ranar da ka ji zuciyarka na cewa zaki ne ko raƙumin dawa, ajiye shi, ka sake dubawa gobe.

8. Shekarun dabba

Dillali a kasuwar dabbobi baki yake buɗewa, kai ma haka, sai dai kai turamen ciki kake dubawa. A tunkiya da akuya, turmi na farko yana fitowa tsakanin wata 3 da 6, na biyu wata 9 zuwa 12, na uku shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. A sa, na farko wajen wata 6, na biyu wajen shekara ɗaya da rabi, na uku shekara biyu zuwa biyu da rabi. Bayan nan sai cinyewar haƙori: wanda ya lashe ya zama sumul, tsohuwa ce.

Hanya ta biyu kan ƙashi. A ƙaramar dabba kan dogon ƙashi ba ya manne da jikinsa, guringuntsi ne a tsakani; in ya ruɓe sai ka ga fuska mai gargada kamar an ɓalle murfi. Kan ƙasa na damtsen akuya yana mannewa kafin shekara, kan sama na ƙashin ƙwaurin ƙafar baya da ke haɗe da cinya kuwa sai wajen shekara uku zuwa uku da rabi.

Hattara: a kan dabbobin Turai aka fi auna lissafin nan. Balami da uda da jar akuyar Maraɗi da shanun Azawak suna da nasu saurin, ga kuma yunwar rani. Ka tsaya ga rukuni uku: ƙarama, matashiya, tsohuwa.

9. Tabo

Riƙe ƙashin a gicciye da hasken taga, ka sa gilashi. Wuƙa tana barin siririn layi mai kaifin gindi, sau da yawa biyu ko uku a jere kusa da gaɓa. Sara yana barin faffaɗan baki mai santsi a gefe ɗaya. Haƙorin kare ko kura ramuka ne masu dakushi, kan ƙashin a tauntaune. Ɓera layuka biyu-biyu yake yi a jere. Saiwa kuma zane take yi mai lanƙwasa kamar zare, ita ce ta fi yaudarar sabon shiga.

Ƙashin da aka fasa ɗanye don ɓargo yana karyewa a murɗe, bakinsa sumul. Wanda ya karye bayan ya bushe bakinsa gargada ne. In wurin karayar ya fi sauran haske, cokalinka ne ya yi, rubuta haka.

Wuta tana da matakai: ja-ja, baƙi, ruwan toka, sai fari fat in zafi ya haura digiri 600. Fari ba alamar girki ba ne, ƙona shara ne ko an jefa cikin murhu. Alamar gashi ita ce ƙuna a bakin ƙashi kaɗai, inda nama bai rufe ba.

10. Ƙidaya

Kowane guntun da aka gane layi ɗaya a littafi, daga baya a Excel: lambar leda, dabba, ƙashi, dama ko hagu, wane sashe, mannewa, tabo, ƙuna, nauyi, awo.

Lissafi biyu ake yi. Na farko jimillar guntayen kowace dabba. Na biyu mafi ƙarancin dabbobin da za su iya ba da su: a ce ka sami kan damtsen akuya na hagu 7, na dama 4, to aƙalla akuya 7 ne, ba 11 ba. Ka ba da duka biyun, don kowanne yana da aibinsa. Na farko yana kumbura dabbar da aka fi farfasa ƙashinta, na biyu yana kumbura wadda ta fito sau ɗaya tak. Ka kuma tuna naman sa ɗaya ya kusa na akuya goma. In guntayen da ka gane a shimfiɗa ba su wuce 20 ko 30 ba, ka faɗi abin da ka samu kawai, kada ka fitar da kashi cikin ɗari.

11. Me ƙashin yake cewa

Yanzu ne kwalliya za ta biya kuɗin sabulu, yanzu ne kuma ake zarce gona da iri.

In matasan dabbobi sun yi yawa, nama aka nufa. In tsoffi ne, an bar su sun ba da nono da ƴaƴa, ko sun yi dako. Sa mai kumburarrun gaɓoɓin ƙafa, kada ka yi saurin cewa garma ya ja. Garmar shanu sabuwa ce a ƙasar nan, takarkari ne tsoho. Gidan da ake samun cinya da kafaɗa kawai, naman daga wani wuri ake kawo masa. Inda ƙaho da ƙananan ƙasusuwan ƙafa suka taru ba sauran jiki, yi tunanin mahauta ko majema, don fata takan zo da kofatonta. Barewa da gada da zomo da yawa, daji yana kusa kuma akwai maharba. Tarwaɗa tana rayuwa a tabki irin na Gidimuni, amma babban giwan ruwa yana son ruwa mai zurfi. In ya bayyana a tudun Damagaram, tambayi kanka ko banda ce ta biyo fatake.

Ba kowane ƙashi ne abinci ba. A Gao ta ƙasar Mali, masanin tonon kufai Timothy Insoll ya tarar da haƙoran dorina fiye da 50 a tare, kayan fatauci ne. Doki da raƙumi kuwa suna iya cika gari amma su yi ƙaranci a juji, don inda suka mutu ake ja su a yar.

Hattara: rashin gadu ko kare a juji ba ya tabbatar da cewa mutanen Musulmi ne, samunsu ma ba ya kore hakan, gari ɗaya yana iya haɗa mutane iri-iri. Rami ɗaya kuma jujin gida ɗaya ne, ba na gari ba. Haɗa abin da ka samu da na mai nazarin tukwane da na mai duba hatsi kafin ka rubuta.

12. Ajiya

Kome ya koma ledarsa, har guntayen da ba su da suna, don wani zai zo da idon da ya fi naka. Masu nauyi a ƙasan kwali, kifi da tsuntsu cikin ƴan robobi a sama. Kwafin littafinka ɗaya ya bi kwalayen, ɗaya ya tafi wajen shugaban aiki tare da rahoto. Ka koma garin da aka yi tonon ka gaya wa mai gari da mai gona abin da aka gano, da Hausa, da ƙashin a hannu.

Kwalayen kada su taɓa ƙasa ko bango. Aza su kan kanta ta ƙarfe, ka buɗe su sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. Gara ba ta tsayawa kan kwali, da takardar lambar take haɗawa.